Kyamarar gaban mota: maigadin da ke shanye batir cikin dare

Da yawa daga masu mota sun san wannan safiya. An ajiye mota tun yammacin Juma'a lafiya ƙalau, ran Litinin aka murza makulli, sai ƙas-ƙas kawai, inji ya ƙi tashi. Fitilu duk a kashe suke, batir kuma bai shekara ba. A nemo matasan unguwa su tura, ko a ari batirin maƙwabci, a wuce wurin mai wayarin. Sau da yawa ba a yin nisa wajen bincike: mai laifin yana nan manne a gilashin gaba, ɗan haskensa yana ƙyaftawa.

Ba wanda ke musun amfanin wannan 'yar kyamara. Direbobin Rasha sun rungume ta tun da daɗewa don kare kansu daga ƙarya da sharri idan an yi haɗari, shi ya sa lokacin da wani dutse daga sararin samaniya ya fashe a saman birnin Chelyabinsk ranar 15 ga Fabrairun 2013, kyamarorin motoci ne suka nuna wa duniya yadda abin ya faru. Na zamani kuma ba sa barci idan an kashe inji. Suna ci gaba da gadi, su ɗauki hoton wanda ya goge maka mota a bakin kasuwa ya gudu, ko wanda ya zo cire madubi da tsakar dare. To amma maigadi yana cin abinci, kuma daga tukunyar da ake tada inji yake ɗiba.

Idan inji yana aiki, altaneta ce ke ɗaukar nauyin komai, tana ba da wuta mai ƙarfin bolt 14 ko kusa da haka, tana kuma cika batir. Da an zare makulli sai batir ya rage shi kaɗai. Ko ba kyamara, mota tana ɗan tsotsar wuta don agogo da kwamfutar inji da na'urar buɗe ƙofa, amma a mota mai lafiya wannan ba ya cika wuce miliamfiya 50. Kyamarar da ke ɗaukar hoto ba tsayawa kuwa takan ja tsakanin miliamfiya 200 zuwa 400, musamman mai ido biyu, gaba da baya.

A yi lissafi da 300. A awa 24 ta sha amfiya-awa 7 da 'yan kai. Batirin ƙaramar mota da aka rubuta wa 60Ah zai kai rabi cikin kwana huɗu ke nan, in sabo ne kuma a cike aka ajiye shi. Wanda ya shekara biyu yana aiki ba ya riƙe abin da aka rubuta a jikinsa, don haka kwana biyu na iya isa su durƙusar da shi. Shi kuwa kik, a daƙiƙun da yake juya inji, yana neman amfiya sama da 100 a lokaci guda. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: sai batir yana da sauran ƙarfi zai tada inji, sai inji ya tashi altaneta za ta mayar masa da abin da ya rasa.

Ɓarnar da ta fi tsada ita ce wadda ba a gani. Batirin darma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, an gyara shi ga mota ne don ya ba da wuta mai yawa cikin ɗan lokaci, a sake cika shi nan take. Ba a yi shi don a riƙa tatsarsa har ƙasa ba. Duk lokacin da ya yi sanyi aka bar shi a haka, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan da ke cikinsa, ya rage masa wurin ajiyar wuta. In aka maimaita haka sau da dama, ko an kai shi caji ba zai koma yadda yake ba. Zafin bazara yana ƙara saurin tsufansa, sanyin hunturu da asuba kuma shi ke tona asirin raunin. Ga wanda tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa ofis, minti goma ko sha biyar, altaneta ba ta samun lokacin biyan bashin daren jiya. Kullum ana ɗiba da yawa ana mayar da kaɗan.

Yadda aka haɗa wayar shi ne rabin matsalar. A wasu motocin, soket ɗin kunna sigari yana mutuwa da an kashe inji, a wasu kuma yana nan da wuta dare da rana, mai motar bai sani ba. Mafi muni shi ne a ja waya kai tsaye daga kan batir ko daga fiyus mai wuta kullum, ba tare da wani abin da zai tsayar da kyamarar ba. Za ta yi ta sha har sai batir ya mutu murus.

Maganin ba shi da wuya. Akwai wayar haɗi ta musamman da ake sayarwa don kyamarar mota, mai ɗan akwatin da ke auna ƙarfin batir ya yanke wuta idan ya sauka zuwa iyakar da aka zaɓa. Batir cikakke da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6, a 12.2 ya kai wajen rabi. Wayoyi da yawa suna ba da zaɓi daga 11.8 zuwa 12.4. Wanda ya zaɓi 11.8 zai sami gadi mai tsawo, amma batirinsa ne zai biya. Gara a tsaya a 12.2, ko 12.4 in batirin ya kwana biyu. Sannan a shiga saitin kyamarar a zaɓi yanayin da take kwanciya sai an bugi motar ta farka, domin shi ne mafi ƙarancin shan wuta, ko a sa mata awannin da za ta kashe kanta.

Mai hali na iya sayen batir na daban don kyamarar, irin na litiyam da ake ɓoyewa ƙarƙashin kujera. Yana cika ne lokacin tafiya, yana ciyar da kyamarar lokacin fakin, ba ya taɓa na mota. Wanda kuma zai yi tafiya ya bar motarsa mako guda a cikin gida, ƙofa a kulle, ya zare wayar kawai.

Kafin a ɗora wa kyamara laifi gaba ɗaya, yana da kyau mai wayarin ya sa mita ya auna abin da motar ke sha da kyamarar da kuma ba ita, ya gwada batir da altaneta. Aikin mintuna ne, kuma shi zai nuna inda wutar ke zurarewa. An sayi kyamara ne don a tsare dukiya, bai kamata garin neman ƙiba a samo rama ba. A yanka wa maigadi rabonsa, a bar wa inji nasa, mota ta kwana da tsaro kuma ta tashi da safe.