IN WUTA TA ƊAUKE LOKACIN WANKA, DUBI BIREKA KAFIN KA ZARGI NEPA

Da zarar hunturu ya kankama cikin Disamba da Janairu, daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi, daga Zurmi zuwa Birnin Tsaba, ba mai son taɓa ruwan randa da asuba. Ma'aikaci mai gaggawar zuwa ofis ya kunna hitar banɗaki, ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda kuwa ya tsoma ƙarfen dafa ruwa a bokiti. Kafin ruwa ya yi ɗumi sai gida ya yi duhu. Nan take a shiga zargin NEPA, hukumar da aka sauya wa suna tun shekarun baya, a 2005, wadda a yau Kaduna Electric ne ya gaji aikinta na rarraba wuta a Jihar Zamfara. To, in fitilar maƙwabta tana ci, matsalar tana cikin gida.

Abin da ya ɗauke wutar shi ne ɗan makunnin nan na akwatin wuta wanda masu gyara ke kira bireka. Iri biyu ne. Na farko yana faɗuwa idan wutar da ake ja ta fi ƙarfin waya, ko wayoyi biyu suka haɗu. Amfaninsa hana gobara. Na biyu, mai ɗan maɓallin gwaji a jikinsa, yana faɗuwa idan wuta ta tsiyaya zuwa ruwa ko ƙarfe ko jikin mutum, ko da kuwa kashi 30 ne cikin 1,000 na amfiya ɗaya. Amfaninsa ceton rai. Saboda haka abin da za a fara dubawa shi ne wanne ya faɗi, sa'an nan a lura da lokacin da ya faɗi.

Idan sai bayan 'yan mintoci na farkon yake faɗuwa, galibi kaya ne suka yi yawa. Lissafin ba wuya. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, in aka raba wat na na'ura da 230 sai a sami amfiyar da take ja. Hitar bango mai wat 1,500, da ƙarfen dafa ruwa mai 1,500, da dutsen guga mai 1,000, da butar shayi mai 2,000 sun zama wat 6,000, wato kimanin amfiya 26. In duk suna kan bireka mai amfiya 16, lalle ya faɗi. A kashe sauran kayan a gwada hitar ita kaɗai. Shawa mai ɗumama ruwa nan take, irin wadda ta yawaita a Ingila, ta fi haka ci, domin mai wat 8,500 tana jan kusan amfiya 37. Wannan sai an ja mata layinta dabam, da bireka mai amfiya 40 da waya mai kaurin murabba'in milimita 6 ko 10. Wayar soket ta milimita 2.5 ba ta iya ɗaukarta.

Idan kaya ba su yi yawa ba amma birekan yana zafi, ko ana jin ƙauri, to mai yiwuwa mahaɗin waya ne ya saki yana ɗumama shi.

Idan kuwa ana kunnawa ya faɗi, musamman mai maɓallin gwajin, wannan shi ne abin tsoro. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri yakan tara farin dattin nan a jikin ƙarfen hita, zafi ya taru, ƙarfen ya tsage, ruwa ya tarar da wayar ciki. Ko kuma raɓa ta shiga makunnin banɗaki. Wanda ya ji famfo yana ɗan fizgarsa, ya kashe wutar daga akwati nan da nan, kada kowa ya yi wanka sai an gyara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sauya birekan da babba, ko a ɗaure fiyus da wayar tagulla. Yin haka kamar korar maigadi ne don yana yawan ihu. Wayar da ke cikin bango ita za ta yi ta zafi har ta narkar da robarta, ga kuma hunturu ya busar da kome.

Mai gida yana iya yin lissafi, ya rage kaya, ya danna maɓallin gwaji daga lokaci zuwa lokaci, ya kuma hana yara sa hannu a bokiti alhali ƙarfen yana kan wuta. Amma buɗe akwati, da auna ƙarfen hita, da duba wayar ƙasa da sandarta, wadda ƙarfinta kan ragu in ƙasa ta bushe da rani, aikin gwani ne. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu haɗa wuta takardar shaida, kuma ba laifi a ce wa mai gyara ya nuna tasa. Kuɗin gyara bai kai kuɗin sake rufin ɗaki ba, balle rai. Allah ya kiyaye.