Matsalar Zafi wajen Gina Tushen Lantarki Tsayayye domin Daidaita Osileta: Misali daga Ƙasar Babura

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sauraron Rediyon Kaduna ko Sashen Hausa na BBC a gajeren zango da tsohon akwatin rediyo ya san yadda tasha kan zame, har sai mutum ya miƙa hannu ya ɗan murɗa. Abin da ke zamewa shi ne osileta, watau na'urar da ke kaɗa lantarki sau kaza a kowace daƙiƙa, kuma da haz ake auna wannan kaɗawa. Tun da Walter Cady ya gina osileta mai aiki da dutsen kwaz a 1921 aka rage wannan zamiya ƙwarai, amma buƙata ta daɗa tsananta. Alal misali, ƙa'idar GSM, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ba ta yarda tashar da ke ba wayoyi sabis ta kauce da fiye da kashi 5 cikin miliyan 100 ba. A wannan maƙala za mu duba tushen lantarkin da ake juya irin wannan osileta da shi, mu kuma nuna cewa a ƙasar Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa sauyin zafi ya fi hayaniyar lantarki ɓarna, ko da yake hayaniyar ce aka fi koya wa ɗalibanmu su ji tsoro.

Lissafin ɓarnar

Osileta mai kyau tana da ƙafa guda wadda ake ba ta matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. In matsin ya hau ko ya sauka, wani dayod da ke ciki sai ya ɗan ja kaɗawar dutsen sama ko ƙasa. Mu ɗauki osileta mai haz miliyan 10, wadda bolt 5 ke motsa ta da haz 20. Ke nan kowane bolt na daidai da haz 4, kowane milibolt kuwa, watau kashi ɗaya cikin dubu na bolt, haz 0.004.

To, abin da ɗalibi zai fara ɗaukowa shi ne aisi mai lamba 7805, domin kowane mai gyaran rediyo yana da shi, kuma a Sabon Garin Kano kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai an yi shi ne don ciyar da na'ura, kuma matsinsa kan sauka da wajen milibolt 1 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. A Babura, cikin hunturu, tsakanin sanyin asuba da zafin azahar ana iya samun tazarar digiri 15 zuwa 20, balle a ɗaki mai rufin kwano. Digiri 20 ya ba mu milibolt 20, watau haz 0.08. Wannan kaɗai ya cinye wajen sudusin abin da ƙa'idar GSM ta lamunta, ya kuma ninka zamiyar da osileta mai kyau ke yi da kanta a yini guda sau da yawa. An sayi doki mai tsada ke nan an ɗaura masa ragama da ruɓaɓɓiyar igiya.

A nan ne akan yi kuskuren da muka fi gani. Ɗalibi sai ya ƙara kondensa, yana zaton tacewa za ta yi magani. Lalle resista mai om 10,000 da kondensa mai maikurofarad 10 suna danne hayaniyar da ta wuce haz 1.6, kuma ya kamata a sa su dab da ƙafar osileta. Amma sauyin zafi yana zagayowa ne sau ɗaya cikin daƙiƙa 86,400, kuma babu matacin da zai tare abin da ke tafiya a hankali haka. Bugu da ƙari, kondensa mai ruwan sinadari, wadda ita ce ta cika kasuwa, tana yoyon lantarki, yoyon kuma na ƙaruwa da zafi. Yoyon kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya, in ya bi ta om 10,000, ya zama milibolt 10. Saboda haka kondensa mai leda ce ta dace da wannan wuri, ko da ta fi girma da tsada.

Gini

Abin da muka zaɓa shi ne LM399, daga cikin jerin da Robert Dobkin ya tsara wa kamfanin National Semiconductor a tsakiyar shekarun 1970. Yana ba da bolt 6.95, kuma hikimarsa biyu ce. An binne dayod ɗin Zener ƙarƙashin fuskar silikon, inda hayaniya ba ta da yawa, kana an haɗa masa murhu a cikin aisin kansa, wanda ke riƙe shi a wajen digiri 90. Tun da zafin bazara a nan, ko da ya haura digiri 40, bai kusanci wannan ba, dayod ɗin bai san hunturu ba bai san bazara ba. In muka ƙaddara zamiyarsa kashi ɗaya cikin miliyan a kowane digiri, to digiri 20 bai wuce milibolt 0.1 a kan bolt 5 ba, watau ya fi 7805 sau 200. Akwai LTZ1000 wanda ya fi shi, amma a ganinmu ɓarnar kuɗi ce a ɗakin gwaji na kwaleji, domin kurakuran da ke kewaye da shi za su haɗiye fifikon nasa.

Na farko cikin kurakuran nan shi ne mamurɗin daidaitawa. Bai kamata a shimfiɗa masa bolt 5 duka ba. In haz ɗaya kawai muke son motsawa, bolt 0.25 ya isa, sai a sa tsayayyun resista iri ɗaya sama da ƙasa, a bar wa mamurɗi mai zagaye goma wannan ɗan tsakanin. Kowane zagaye ya zama haz 0.1, duk wani aibin mamurɗin kuma ya ragu sau 20.

Na biyu ya fi ɓuya, mu ma ya taɓa ɓatar da mu kwana da kwanaki. Osileta mai kyau ita ma tana da nata murhun, wanda ke jan lantarki da yawa in gari ya yi sanyi, ya rage in rana ta take. In aka mayar da lantarkin murhun da na daidaitawa ta waya ɗaya, to sauyin amfiya 0.1 a wayar da ba ta wuce om 0.05 ba zai haifar da milibolt 5, ninki 50 na zamiyar LM399. Zafin da muka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Maganin ba ya cin ko kwabo: kowanne a ja masa tasa wayar, su haɗu a wuri ɗaya tak, a gindin osileta.

Akwai kuma iska. Ƙafafun LM399 na wani ƙarfe ne da ake kira Kovar, kuma inda ya haɗu da jan ƙarfe yakan haifar da wajen milibolt 0.04 a kowane digiri na bambancin zafi tsakanin ƙafa da ƙafa. Fanka ko iskar taga ta isa ta kawo wannan bambanci, don haka a lulluɓe aisin da auduga ko soso, a rufe allon cikin gwangwani, wanda zai kuma hana ƙurar hunturu kwanciya a kansa ta jiƙe da damina ta soma yoyo. Game da abin da zai ciyar da ginin, batirin sola ya fi inbata, domin inbata tana yayyanka lantarki sau dubbai a daƙiƙa tana watsa hayaniya. A nan ne 'yan'uwan 7805 masu ba da matsi sama da nasa ke da amfani, a tsakanin batir da LM399. Wanda kuma ya sami zaɓi tsakanin ɗakin kwano da soron ƙasa mai kaurin bango, irin wanda har yanzu ake samu a garuruwan masarautar Kazaure, ya kai na'urarsa soron, domin bangon ƙasa yakan rage tazarar zafin dare da rana tun kafin ta iso kan tebur.