Hoton da aka goge bai bar kati ba tukuna

A Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase har Sabon Zango, da wuya Asabar ko Lahadi ta wuce ba a kafa rumfa a wani layi ba: ko ɗaurin aure, ko suna, ko addu'ar arba'in. Kowace rumfa ka leƙa, za ka ga yaro rataye da kyamara yana ratsa kujeru. Mu da rabin danginmu ke Kano ko Yamai ko Maraɗi, wasu ma Jamus da Amurka, hoton nan shi ne halartar wanda bai samu zuwa ba. Wani lokaci kuma shi ne hoto na ƙarshe da aka yi wa dattijon gida yana zaune cikin jikokinsa. To ranar da mai hoto ya zo yana sosa ƙeya ya ce kati ya goge, maganar ta wuce ta kuɗin da aka ba shi. Na ga zumunci ya yi tsami a kan wannan.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba, sau da yawa hotunan suna nan. Abin da ke kashe su shi ne abin da ake yi wa katin bayan gogewar.

Ɗauki katin memori kamar sito na fatoma. Akwai huhunan goro jibge a ciki, akwai kuma littafi a bakin ƙofa da aka rubuta huhun wane yana kusurwa kaza. In ka danna gogewa a kyamara, ba ta shiga sito ta fitar da kaya. Littafin kawai take buɗewa ta soke sunan, ta rubuta cewa wurin nan babu kowa. Huhun yana nan inda yake har ranar da sabon kaya ya iso aka sauke shi a wurin. Haka tsarin katin yake, ko ƙarami ne da bai wuce giga 32 ba mai tsarin FAT32, ko babba mai tsarin exFAT. Ko fomat aka yi, a yawancin kyamarori littafin ne aka yage aka kawo sabo fari, sito bai motsa ba.

Saboda haka abu na farko, kuma wallahi shi ne rabin aikin: da zarar an gane an goge, a kashe kyamara a zare katin. Kada a ƙara ɗaukar hoto ko ɗaya, balle bidiyo. Kowane sabon hoto sabon huhu ne, kuma kyamara ba ta tambayar a kan na wa za ta sauke shi. Mai hoton da ya goge aikin Asabar sannan ya tafi sunan Lahadi da katin nan, shi ya binne hotunan da hannunsa. In biki bai ƙare ba, a sa wani katin. Wanda ke neman abinci da kyamara kuma bai da kati na biyu a aljihu, ni dai ba zan ba shi aikin gidana ba.

A gefen babban katin SD akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa ƙasa, shi ne makulli. A tura shi. Ƙaramin kati irin na waya bai da shi, amma gidan da ake zura shi a ciki yana da shi. Sai dai kada a saki jiki da makullin nan, domin wasu na'urorin karanta kati masu araha ba sa kula shi.

Daga nan sai kwamfuta. A sa katin a na'urar karanta kati, wadda yara ke ce wa rida, maimakon a jona kyamarar da igiya, domin kyamarori da yawa ba sa barin kwamfuta ta ga cikin katin kai tsaye. In kwamfuta ta fito da saƙo cewa sai an yi wa katin fomat kafin a buɗe shi, a ce a'a. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa, don saƙon da Turanci yake zuwa kuma hannu ya saba danna eh. Haka in ta ce za ta gyara katin, a dakata, gyaran na iya taɓa abin da ake nema. Kuma da laftof mai caji ya kamata a yi, saboda mun san halin wutarmu. Dumso ba ya sallama, binciken babban kati kuwa yakan ɗauki sa'a guda ko fiye.

Manhajar da na fi yarda da ita sunanta PhotoRec. Wani Bafaranshe, Christophe Grenier, shi ya rubuta ta, kyauta ce, kuma tare take zuwa da 'yar uwarta TestDisk. Ita ba ruwanta da littafin bakin ƙofa. Sito take shiga tana bin huhu ɗaya bayan ɗaya, domin kowane hoton JPEG yana farawa da wata alama da ba ta canjawa, kamar tambarin da ɗan kasuwa ke yi wa buhunsa. Inda ta ga alamar sai ta kwaso. Illarta, hotunan za su dawo babu sunayensu na asali, sai lambobi barkatai, a cakuɗe da na bikin bara da na bara waccan. Amma ranar ɗauka da lokacin suna rubuce a cikin hoton kansa, don haka ana iya jera su daga baya. Fuskarta baƙa ce mai rubutu zalla, tana ba mutum tsoro ranar farko. Akwai QPhotoRec a cikin kunshin ga mai son dannawa da linzami. Akwai kuma Recuva ta kamfanin Piriform, mai aiki a Windows, ta fi sauƙin sarrafawa kuma takan dawo da sunaye in littafin bai lalace ba. Wasu manhajojin za su nuna maka hotunanka ƙuru-ƙuru sannan su ce sai ka biya da dala. A gwada na kyauta tukuna.

Ko wacce aka ɗauka, ƙa'ida ɗaya ce: abin da aka ceto a ajiye shi a kwamfuta ko a wani filashi, kada a mayar da shi kan katin da ake bincike. In aka yi haka, hoton da aka ceto zai sauka a kan wanda ba a kai gare shi ba.

Ba kullum ake dacewa ba fa. Bidiyo ya fi hoto wuyar dawowa, don yakan warwatsu gunduwa-gunduwa a cikin kati, sai ya dawo ya ƙi buɗewa. Wasu kyamarorin Canon suna da fomat mai zurfi wanda ke share siton gaba ɗaya, bayansa babu abin da za a tarar. Katin da ya karye, ko wanda kwamfuta ba ta gani ko kaɗan, ya fi ƙarfin manhaja.

Waya kuma hukuncinta daban. Ma'ajiyar cikin wayoyin yanzu a kulle take da sirri, kuma wayar da kanta take share wurin da aka goge, don haka dabarar sito ba ta cika aiki ba. Abin dubawa shi ne kwandon shara na cikin ma'ajiyar hotuna. Google Photos yakan riƙe hoton da aka riga aka ɗora masa na ɗan lokaci bayan gogewa. Masu ɗaukar hoton rasiɗi da takardar lodi da shafin littafin bashi su riƙe wannan. Wanda ya ga gobarar Kejetia ta watan Maris 2023 ya san takarda ba ta da tabbas, hoton da ke waya ɗaya tak shi ma haka.

In babu mai iya aikin a gida, masu gyara sun yi yawa a Adum, musamman wajen PZ, kuma akwai ƙwararru a cikinsu. Amma a nan ina da magana da iyayen gida. Manhajar nan ba ta zaɓe. Za ta fito da hoton amarya, ta fito da wanda aka ɗauka a ɗakin mata ranar lalle aka goge don bai dace a gani ba. Duk zai zube a kwamfutar wani. Don haka kada a aiki yaro da kati a ce ya dawo gobe. A je da kai, a zauna, a tafi da filashi, a kwashe, a ga an share na kwamfutarsa kafin a tashi. Mai gyara na kirki ba zai ji haushin wannan ba. Haka in za a sayar da kyamara ko a ba da aronta, a zare kati. Abin da kai za ka iya dawowa da shi, mai saye ma zai iya.

Saura katin jabu, wanda ke yawo a kasuwanninmu daga nan har Legas da Kano. A jikinsa an rubuta giga 64, cikinsa bai fi 8 ba, an yi masa dabara yana yi wa kyamara ƙarya. Zai yi aiki lafiya lau har ainihin cikinsa ya cika, daga nan duk abin da aka ɗauka ko dai bai sauka ko'ina ba, ko ya hau kan na farko. Mai hoto yana ganin lamba tana ƙaruwa yana murna, sai an je kwamfuta a ga fayil ba ya buɗewa. Wannan babu PhotoRec da za ta cece shi, tunda huhun bai taɓa shiga sito ba. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta, H2testw, da ke cika katin da bayanai sannan ta karanta ta faɗi gaskiyar girmansa. Ana gwajin ne a kan sabon kati tun babu komai a ciki, kuma gara a yi shi a ranar da aka saya, tun mai shago bai manta fuskarka ba.