Feshi ido rufe a gaɓar Yauri

A 2021 wani rahoto ya fito a Birtaniya yana cewa yawan manyan faɗa-wuta na ƙasar ya ragu da kashi 33 cikin 100 tsakanin 1968 da 2017. Ragin nasu matsalarsu ce. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi suka san adadin. Cibiyar binciken gona ta Rothamsted ta shafe shekaru tana tattara abin da tarkon fitila ya kama, kuma da yawa daga masu kula da tarkunan mutanen gari ne da ke yi don sha'awa. Su kunna fitila da dare, gari ya waye su buɗe akwati, su tantance, su rubuta.

A nan gida kuwa, a 1968 ɗin nan aka kammala madatsar Kainji. Yau ka tari manomin masara a Yelwa ko Ngaski ka tambaye shi yaushe uwar tsutsa ta sauka bana, sai ya yi maka kallon wanda ya rasa aikin yi. Shi tsutsar ya sani, ita yake wa feshi, kuma tun daga 2016, da aka fara ganin baƙuwar tsutsar masara 'yar asalin nahiyar Amurka a kudu maso yammacin Nijeriya, feshin ƙaruwa yake yi. A ganina rabin kuɗin maganin nan asara ce, saboda a makare ake yinsa.

Uwar tsutsar faɗa-wuta ce mai launin ƙasa-ƙasa, da dare take tashi, tana iya cin kilomita 100 kafin asuba. Takan zuba ƙwai ɗari ko ɗari biyu a ganye guda, su ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku. 'Yan kwanakin farko, tsutsar tana ƙarama tana kankarar bayan ganye, magani kaɗan ya ishe ta. Da ta yi ƙwari sai ta nutse cikin zuciyar masara, ta toshe bakin da kashinta mai kama da garin katako. A lokacin ne mai gona yake lura. Ya tsinko ganye ya nufi kasuwa, mai shago ya juya shi sau ɗaya ya ce, “Baba, wannan sai an haɗa biyu.” Mai shagon ba mugu ba ne, amma wanda ribarsa ke cikin kwalba ba zai ce maka ka koma gida ka jira ba. A fesa, tsutsa na kwance a maɓoyarta, a sake fesawa. Mai feshin kuma yaro ne da silifas, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, in ya gama ya wanke tankinsa a bakin ruwan da Sarkawa ke jefa taru.

Gaɓar kogi ta ƙara dagula lamarin. Wannan tsutsa ba ta kwanciyar rani, abinci kawai take nema, kuma cikin wata guda na zafi ta zagayo daga ƙwai zuwa uwa. Inda ake noman rani a fadama da filayen da tafkin Kainji ya janye ya bari, ba ta rasa kore. Kafin ruwan farko ya sauka a tudun Shanga, iyaye sun riga sun taru a ƙasa suna jiran shuka. Da bazara ke nan ya kamata a fara ƙirga.

Kayan aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Duk yaron da ya taɓa kamun gina bayan ruwan farko ya san fitila da kwanon ruwa, ga fitilar sola ta cika kasuwa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta fitar da manhajar FAMEWS a 2018 don shigar da abin da tarko ya kama. Abin da ya yi ƙaranci mutum ne mai littafi da biro, malamin makaranta ko ɗalibi, da zai duba kwano kowace safiya, ranar da adadi ya yi tsalle ya sa a faɗa a masallaci: ku shiga gona ku duba ganye.

Masu suka suna da abin faɗa, na yarda. Fitila ba ta zaɓe, har ƙwarin da ke cin tsutsar takan hallaka, kuma bambance wannan uwa da 'yan uwanta sai wanda ya koya. Tarkon ƙanshi mai jawo maza kaɗai ya fi dacewa, sai dai kuɗi ne, ƙanshin kuma yana ƙarewa. Akwai ma ƙauyukan da, tun sace ɗaliban Birnin Yauri a watan Yunin 2021, kunna fitila a daji da dare ba shawarar da za ka ba mutum ba ce. To, a kafa tarkon a gonakin bayan gari. A ganina tarko biyu ko uku sun ishi gunduma ta san makon da za ta fara duba gona.