Shinkafa Ta Yi Albarka a Kura, Jiki Kuwa Ya Yi Nauyi

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin mulkin Audu Baƙo, aka kuma jawo ruwanta ta manyan magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar nan ba ta sake sanin zaman rani ba. Da an kwashe shinkafar damina sai a shiga tumatir da albasa da alkama da masara. Mutumin da ya wuni sunkuye cikin taɓo yana dashe, babu mai tsayawa ya yi masa wa'azin motsa jiki sai mai neman a yi masa dariya. Maganata ba da shi take ba. Da waɗanda noman ya ɗaga take: dillalin shanshera, da mai injin casa, da attajirin tumatir na Kwanar Gafan, da ma'aikacin sakatariya, da ire-irena masu riƙe alli a jami'a, da kuma iyalanmu da ke cikin gida.

A dubi wunin ɗayanmu. Daga ƙofar gida babur ko mota, daga nan benci ko kujerar ofis, da rana malmalar tuwon shinkafa ko dafa-duka a kora da lemon kwalba, da yamma majalisa har a kira isha'i. Akwai wanda masallacin unguwarsu ma sai ya tayar da babur. Idan teɓa ta fito a ce hutu ya karɓe shi. Amma duk mai zuwa dubiya da ta'aziyya a 'yan shekarun nan ya san kalmomin da ke yawan fitowa daga bakin dangi: hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki. Farar shinkafa tana saurin komawa suga a cikin jini, tsokar da ke aiki ce ke janye shi ta ƙone. Wadda ta wuni a zaune kaɗan take janyewa, sai jiki ya yi ta tarawa har ranar da zai gaza.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da kwana 2 na aikin ƙarfafa tsoka. Mafi ƙaranci ke nan rabin awa sau 5 a mako. Kakanninmu kan cika wannan kafin Talata ba tare da sun san an yi awo ba. Kura garin marina ne, kuma wanda ya taɓa ganin masu bugu suna sauke mabugi a kan baƙin yadin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa ya san ba aikin rago ba ne. Mata kuwa ga daka, ga lugude, ga dutsen niƙa, ga jan guga. Ba cewa nake a mayar da su bakin turmi ba. Injin niƙa rahama ne, wanda ya ƙi yarda ya tambayi kafaɗun kakarsa. Abin da nake cewa shi ne mun cire wahalar, ba mu sa komai a gurbin motsin da ke cikinta ba.

Gurbin nan ba ya bukatar kuɗi. Tsakar gida ta isa. A zauna a kan kujera a miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau 10, a huta, a maimaita. A dafa bango a tura jiki da hannuwa. A cika jarkoki ƙanana biyu da ruwa a riƙa ɗagawa. Mai sauran ƙuruciya ya yi tsallen igiya. Ma'aunin yana da sauƙi: idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, motsin ya kai inda ake so. Wanda ya haura 40, ko yake da hawan jini, ya fara zuwa a auna shi, ya kuma fara da kaɗan. A watannin Maris da Afrilu, bayan asuba ne lokacin.

Rawa kuwa mun bar ta ta zama abin kunya baki ɗaya, alhali ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ban kawo maganar cakuɗuwar maza da mata a gidan biki ba. Gaɗar da 'yan mata ke yi a dandali, da kiɗan ƙwarya da shantu na matan aure a cikin gida, ba su taɓa zubar da mutuncin kowa ba, kuma minti 20 na gaɗa zai sa zuciya bugawa fiye da tafiyar sauri. Matar da ba ta fita sai da lalura ta fi kowa bukatar wannan, ita ce kuma ba a tunawa da ita. Mai shakkar cewa rawa horo ce ya kalli 'yan koroso na Kano mintuna biyar, ya nemo mini mai teɓa a cikinsu.

Keke ne ya fi damuna, domin a kansa ne girman kai da tsoro suka haɗu. Akwai zamanin da Raleigh yake kayan ƙawa na malamin makaranta da malamin gona, ana goge shi kamar doki. Da babur ya yi araha sai keke ya koma na almajiri da mai kai taki gona, har ya zama idan mai digiri ya hau, sai a fara tambayar ko lafiya. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya yi abin da likitoci suka kasa: mutane da dama sun karkaɗe kekunan da suka jingine. Sai dai suna hawa ne kai a sunkuye, kamar masu zaman wa'adi, suna jiran ranar da aljihu zai warke su ajiye. Ni a ganina wannan dama ce da bai kamata ta wuce ba. Ƙasar Kura shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara na a zo a gani. Ma'aikacin da ke tsakanin gidansa da wurin aikinsa kilomita 5 ne, zuwa da dawowa a keke ya cika masa awon mako, bai ware lokaci ba, bai sayi mai ba.

Tsoron kuwa gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba. Titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ta Kura, kuma tun da aka sabunta shi tireloli da motocin haya suka samu filin gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ta kuma ce idan mota ta buge mai tafiya tana gudun kilomita 65 a awa, haɗarin mutuwarsa ya ninka na gudun kilomita 50 sau huɗu da rabi. Masu shekaru za su tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri da ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su rungumi keke, har motar bas ta ture shi cikin kwata a Abuja a 2001. An yi ta dariya, amma ba keken ne ya yi laifi ba, hanyar ce aka gina kamar babu kowa a duniya sai mai mota. Saboda haka ba zan ce wa kowa ya tuƙa keke kimanin kilomita 30 daga Kura zuwa Kano a kan wannan titi ba.

Abin da Kura da Bunkure suke da shi, wanda birnin Kano ba shi da shi, shi ne hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwa. An yi su ne domin masu kula da ruwa da masu kwasar amfanin gona, amma sun haɗa ƙauyuka da yawa ba tare da an taka kwalta ba. Da ƙananan hukumomin yankin za su zauna da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a riƙa cike ramukansu bayan kowace damina, a gyara ƙananan gadoji, da ɗalibai da ma'aikata sun samu hanyar keke. Inda dole sai an tsallaka babban titi, kamar bakin kasuwa da ƙofar makaranta, a nan ake bukatar alama da abin rage gudu da jami'an kiyaye haɗura, musamman a kakar tumatir.

Sauran yana hannun mai keken. Ya bi hannun dama tare da motoci, kada ya tunkare su yana cewa gara ya ga abin da ke zuwa. Birki biyu su kasance suna ci, ba a riƙa tsayawa da silifa ba. Babbar riga da bakin wando a tattare su, sarƙa ba ta san mai girma ba. A lokacin hunturu, da hazo ke rufe hanya da sassafe, baƙin keke da mai baƙar riga ba sa ganuwa sai direba ya iso kansu. Fitila a gaba, jan madubi mai ƙyalli a baya da tufa mai haske ba su da tsada sosai. Hular kwano ma ta keke ce, ba ta babur kaɗai ba. Yaran da ke bin gefen ruwa zuwa makaranta kuma a ja musu kunne kada zafi ya sa su jingine keke su faɗa wanka, domin ruwan magudanan nan yana ɗauke da tsargiya, babbar magudanar kuma tana da ƙarfin da ke jan ko babba.