Sarkin 'Yan Dako Na Cikin Kwamfuta

A garin Keffi ta Jihar Nasarawa, kwamfuta ta zama kayan karatu kamar littafi da alƙalami. An kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a garin a 2001, kuma a 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka a kan kwamfuta. Saboda haka iyaye masu neman abinci a Ikko da Badun sukan sayi ta hannu a kasuwar Computer Village ta Ikeja, su aika wa 'ya'yansu gida. Ƙarfin ƙwaƙwalwarta kaɗai mai saye yakan tambaya. Alhali kuwa akwai wani ma'aikaci a ciki wanda in ya gaza, ƙwaƙwalwar ba ta da kataɓus. Masana suna kiransa DMA.

Duk wanda ya san cinikin goro a Shagamu zai gane aikinsa. In mota ta iso, maigida ba ya barin lissafi ya tafi ɗaukar huhu da kansa. Sarkin 'yan dako yake kira, ya gaya masa inda kayan suke, da ɗakin da za a zuba su, da yawansu, sa'an nan ya koma kan littafinsa.

To, haka abin yake a kwamfuta. Ƙwaƙwalwa ita ce maigida. Duk abin da za ta yi aiki a kansa sai an kwaso shi daga faifan ajiya an zuba a rumbun aiki, wato RAM. Sai ta rubuta wa DMA adireshin wurin da yawan abin da za a kwasa. Shi kuma ya nemi aron hanyar da saƙonni ke bi, ta sakar masa, ya yi ta jigila yana rage ƙidaya. In ƙidayar ta ƙare sai a buga wa ƙwaƙwalwa ƙararrawa cewa kaya sun sauka.

A kwamfutar da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1981, wani ɗan guntu ne na kamfanin Intel mai lamba 8237 ke wannan aiki. Layi 4 gare shi, kuma ba ya kwasar fiye da harafi 65,536 a aike guda. A 1984 aka haɗa guda biyu, layukan aiki suka zama 7. Daga baya aka cusa shi cikin manyan guntayen da ke kan allon kwamfuta. Tun da aka fito da tsarin PCI a 1992, sannu a hankali faifai da katin intanet kowanne ya sami nasa ɗan dako, yana zuba kaya a rumbu kai tsaye. Wayar hannu ma haka take aiki.

Masu gyara sun san abin da ke faruwa in wannan tsari ya tsaya. A zamanin Windows XP, in faifai ya yi ta kuskure, sai a daina amfani da DMA, ƙwaƙwalwa ta koma dako da kanta. Nan da nan na'ura ta yi nauyi, sauti ya riƙa yankewa. Don haka mai saye ya sa a kwafi babban fayil tun a shago, a kuma kunna bidiyo a lokaci guda. In ta soma sarƙewa, ya nemi a duba faifan kafin ya biya.

Sai dai wanda aka ba mabuɗin rumbu, an ba shi amana. A 2019 masana na Jami'ar Kambirij ta Ingila sun nuna cewa na'urar mugunta da aka soka a ramin Thunderbolt tana iya bin hanyar DMA ta karanta sirrin da ke rumbu. Kwamfutocin zamani suna da mai gadi da ke iyakance wa kowace na'ura inda za ta taɓa, amma tsofaffi da yawa ba su da wannan kariya. Saboda haka a gargaɗi yara kada su bari a soka musu abin da ba su san asalinsa ba. Allah ya sa albarka a abin da aka kashe.