Leƙen Cikin Rumbu da Kyamara Mai Igiya

A ƙasar Dambatta da Bichi da Minjibir, inda gona ke manne da gona, da wuya a sami manomin da hatsinsa ya yi masa yawa. Abin da aka zuba a rumbu da kaka shi za a ci har sabon gero ya nuna. To, ga inda wahalar take: rufewa ta ƙasa ba ta da ƙofa sai ɗan baki a sama, mai ita kuwa ba ya ganin kome sai zangarniyar da ke bisa. Sau da yawa sai bazara ta yi, an ci an kai gindi, sa'an nan a tarar gara ta huda daɓe ta ƙarƙashi ta gama da dami uku ko huɗu.

Akwai wani ɗan abin aiki da zai rage wannan hasara. Turawa suna ce da shi boroskof, makanikan jirgin sama su kan leƙa cikin inji da shi ba tare da sun kwance ba. Yanzu an yi masu araha. Igiya ce mai kaurin fensir, a bakinta akwai 'yar kyamara da ƙananan fitilu kewaye da ita, ɗaya bakin kuma a soka a jikin wayar hannu, duk abin da kyamarar ta gani ya fito a fuskar wayar.

Wajen saye, abin fari da za a duba shi ne ƙarfin igiyar. Wata laushi gare ta kamar igiyar guga, wannan sai dai a zura ta ƙasa, ba ta tafiya gefe. Wata kuwa in an lanƙwasa ta sai ta tsaya yadda aka lanƙwasa, ita ce ta manomi. Tsawo kuma kada a yi zari. Akwai mai mita 10, amma da ta wuce mita 2 ko 3 sai ta riƙa nannaɗewa, ba a sanin inda ta dosa. Mita 5 ta isa kowane rumbu. Kaurin kan ya kan zama milimita 5.5 ko 7 ko 8; wanda ke da injin ban ruwa ya ɗauki siriri. Ba kowace waya ce ke karɓar wannan kyamara ba, saboda haka mai saye ya je da tasa, a gwada a gabansa kafin ya ba da kuɗi. Gari guda ba ya bukatar goma. Ƙungiyar manoma ta sayi ɗaya, a bar ta hannun yaro mai hankali.

Wurin da za a fara leƙawa shi ne ƙarƙashin rumbu, tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai. Nan ne ba mai son sa hannu, kuma da gaskiyarsa, domin kunama da kububuwa suna son wurin. A ɗaure igiyar a jikin kara, a tura a hankali, kan yana kallon sama. Abin nema shi ne hanyar gara, watau siririn ginin ƙasa da ta kan yi a jikin dutse ko itace, da tsagewar daɓe, da kashin ɓera. Hanyar gara ko ɗaya aka gani a karya ta ran nan, a bi ta har shurin.

Daga nan sai ciki. In zangarniya aka jera, a bi jikin bango da igiyar, gama nan ne akwai sarari. In tsaba ce, kyamarar ba za ta ga kome ba, don ba ta gani sosai sai abu ya yi nisan yatsa uku ko huɗu da ita. Dabarar ita ce tun ran zuba hatsi a kafa bututun roba a tsakiya har ƙasa, a yi masa tagogi a rufe su da raga, a toshe bakinsa. Ta nan za a riƙa zura igiyar. Farin gari da ya taru, da ƙwayar da aka huda, da saƙa kamar ta gizo-gizo, duk shaidar ƙwaro ne. Baƙi-baƙi ko kore-kore kuwa fumfuna ce, ruwa na shiga ke nan. Sai dai a sani, tsutsar ƙwaro cikin ƙwayar take girma, kyamara ba ta ganinta. Da zafi ya kan ɗauki kamar wata guda daga ƙwai zuwa ƙwaro, don haka leƙe ɗaya bai isa ba, a yi kowane wata.

Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007 don ajiyar wake, kada a huda shi don leƙe. Rashin iska ne maganinsa. Haka ɗakin da aka sa wa ƙwayar maganin nan mai hayaƙi, kada a buɗe shi kafin kwanakinsa su cika, hayaƙin yana kashe mutum.

Masu noman rani a bakin dam ɗin Tomas da Watari su ma za su amfana. In inji ya rage ƙarfi, a bar shi ya huce sarai, a cire fulogi, a zura kan ta ramin, a duba ko bangon silinda ya karce ko baƙin hayaƙi ya daskare bisa fistin. Kada kowa ya taɓa igiyar tayar da inji muddin kyamarar na ciki.